Todorka da Auren da Ba Shi da Takarda

Duk wanda ya saba fita da sassafe a garinmu ya san tafiyar Todorka Manolova tun daga nesa. Gajeriya ce mai jiki, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, jakarta a hammata kamar wani zai ƙwace. Takan tsaya wajen mai burodi ta sayi banitsa mai zafi, wato burodin garinmu mai cuku a ciki, cukun na ɗiga, ta ci rabi a tsaye, ta naɗe rabin a takarda, don ta san kafin azahar za ta haɗu da wanda bai karya ba. Daga nan sai ofishin jin daɗin jama'a, inda ta fara aiki tana budurwa, ga shi yau furfura ta gama cinye mata kai. Ƙarshen watan gobe za ta yi ritaya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan jinjina, kuma ba zan ɓoye muku ba, da fargaba nake rubuta ta.

Aikinta ba shi da wani kwarjini. Ita ce mai zuwa gidan tsohon da ya faɗi ya karye, da gidan matar da mijinta ya tafi ci-rani Sifen ya manta hanyar gida, da gidan yaran da aka ce sun daina zuwa makaranta. Ta duba, ta saurara, ta dawo ta faɗa wa hukuma abin da ya kamata a yi. Abin da ya raba ta da sauranmu ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda ba a ba mutum lambar yabo a kansu.

A da, a ofishinsu, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Kowa ya yarda wannan shi ne adalci, sai da Todorka ta lura kullum 'yan cikin gari ne a gaba, don gidajensu na nan kusa. Su kuwa mutanen kan dutse, kafin bas ta sauke su layi ya yi nisa, kafin a zo kansu bas ɗin komawa ta tashi. Tsohuwa ta baro ƙauye ba ta ko karya ba, ta wuni a kan benci, ta koma ba a tambayi sunanta ba. Todorka ta mayar da safiya ta mutanen ƙauye, yamma ta 'yan gari. An yi mata surutu ba kaɗan ba. Wani tsohon ma'aikacin banki har zuwa ya yi ya buga mata tebur, wai ana fifita masu warin awaki a kan masu biyan haraji. Ta bar shi ya gama, ta ce ya dawo da yamma, za ta ajiye masa kujera mai laushi.

Ga kuma maganar takalmi. Jami'an hukuma idan sun je gidan likita ko na lauya, sukan cire takalmi a bakin ƙofa ba sai an ce musu ba. Idan unguwar talakawa 'yan ƙabilar Roma ce ta bayan kasuwa, ko ƙauyukan Musulmi na kan dutse, daga tsakar gida suke leƙe, ko su taka wa mutane shimfiɗa da taɓon hanya, su gama abin da ya kawo su a tsaye. Ita Todorka kowace ƙofa ta je sai ta sunkuya ta kwance igiya, ta shiga da safa, ta zauna inda aka nuna mata, ta sha gahawar da aka dafa. Likita ya hana ta gahawa tun da hawan jini ya kama ta. Ta ce masa to shi ya zaɓar mata gidajen da za ta ƙi sha, ita ba ta iya ba.

Ke ce, Todorka, wadda ba ta da fuska biyu, ta gidan manya da ta gidan talaka. Ke ce mai tambayar da ke hana ofis zama lafiya: wa muka bari a waje?

Amma ba don layi ko takalmi kaɗai nake so ku san ta ba. Saboda Baba Shukri ne da matarsa Inna Nefize, da wani ɗaki mai gado biyu a gidan tsofaffin da nake aikin jinya.

Su biyu suka rage a gidansu a Kamenik, ƙauyen da hanya ke ƙarewa a kansa. 'Ya'yansu duk sun watse neman abinci, babban yana Sifen, sauran suna Turkiyya. A ƙarshen kakar da ta wuce, ana gama ɗebe dankali, Inna Nefize ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kawo ta asibitin gari. Baba Shukri, wanda ya haura tamanin, kullum sai ya biyo bas ɗin safe da 'yar tukunyar miyar wake a naɗe cikin tawul, ya zauna gefen gado yana ba ta da cokali. Daga hannunsa kaɗai take ci. Idan nas ta kawo cokali sai ta datse baki ta juya kai bango, ko ta wuni haka.

Asibiti suka ce sun yi iya yinsu, suna bukatar gadon. Komawa Kamenik kuwa ba ta taso ba. Da dusar ƙanƙara ta sauka hanyar ƙauyen rufewa take, wani lokaci makonni ba mota, kuma tsohon ba ya iya ɗaga ta ko daga gado zuwa kujera. A gidanmu ɓangaren mata ya cika maƙil. Abin da ya rage shi ne ɗaya daga cikin 'yan ɗakunan ma'aurata, wanda ya zama fanko a makon. Idan suka samu ɗakin, suna tare. Idan ba su samu ba, za a kai Inna Nefize wani gida na mata marasa tashi a can bayan duwatsu, shi kuma ya koma ƙauye shi kaɗai, dusar ƙanƙara ta rufe hanya a tsakaninsu. Todorka ba ta bukatar likita ya gaya mata yadda matar da ba ta ci sai daga hannu ɗaya za ta ƙare a can.

Dokar gidanmu ta ce ɗakin ma'aurata sai da takardar aure ta hukuma. Su kuwa ba su da ita. Liman ne ya ɗaura musu aure a ɗakin mahaifin Nefize, a zamanin da gwamnati ke harare da limamai, aka yi abin a rufe, aka raba alewa, aka watse. Ofishin rajista yana gari, tafiyar wuni a ƙafa a lokacin. Shukri ya ce sai an gama shanya taba, aka gama, ya ce sai bayan sanyi. Haihuwa ta zo, ya je ya sa wa yara sunansa, maganar aure kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Shekara sittin da ɗoriya ba wanda ya taɓa tambayar su takarda, don duk ƙauyen ba mai shakkar matar wane ce Nefize.

Todorka da ta ji haka hankalinta ya kwanta, ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta je ta roƙi matar da ke rajistar aure ta zo asibiti da littafinta. Labari ya zaga ɗakin marasa lafiya, nas-nas suka ɗauki abin da zafi. Wata ta kawo furanni, wata ta toya waina mai zaƙi, wata ta taje wa Inna Nefize kai ta ɗaura mata sabon ɗankwali. Kowa na murna za a sha bikin tsofaffi. Ba wanda ya tuna a tambayi tsohon, don a ganinmu duka alheri ake yi masa.

Ya shigo da tukunyarsa ya tarar da taro. Wata yarinya cikin nas-nas ta tafa ta ce ga ango ya iso. Todorka ta yi masa bayani da fara'a, cewa hannu kawai zai sa a nan, a dangwala yatsan Inna a can, shi ke nan sun zama mata da miji, ɗaki ya zama nasu. Baba Shukri ya dubi furannin, ya dubi littafin, ya dubi matarsa da sabon ɗankwali. Ya ajiye tukunyar a hankali.

Ya ce, "'Yata, in yau na aure ta, to jiya mece ce ita a wurina?"

Mai rajista ta fara cewa ai ƙa'ida ce kawai, ba wani abu ba. Bai ko dube ta ba. Ya zauna ya buɗe tukunya, ya ba matarsa miyarta har ta ƙoshi, ya goge mata baki, ya kwance sabon ɗankwalin ya mayar mata da nata tsoho. Sannan ya sa hularsa ya fita, wainar tana nan ba wanda ya taɓa.

Mu dai haushinsa muka ji, har da ni. Muka ce taurin kai ne irin na mutanen dutse, mutum zai kashe matarsa a kan sa hannu. Ɗansa na Sifen ya yi ta kira a waya yana roƙon sa har da kuka, tsohon ya ce in ya sake tayar da maganar kada ya ƙara kiran sa. Abokan aikin Todorka suka ce ta yi iyakar nata, an ba shi hanya ya ƙi, laifi ya fita daga wuyan ofis.

Ita kuwa kunya ce ta kama ta, kunyar da ta ce ba ta taɓa jin irinta ba a duk shekarun aikinta. Washegari ta hau bas zuwa Kamenik ta same shi yana faskare. Ba ta je lallashi ba. Haƙuri ta je ba shi, ta ce ta shirya masa biki ba ta tambaye shi ba, kamar yaro. Ya dakata da faskaren. Da ya buɗe baki, ya gaya mata abin da mu duka muka kasa gani. A littafin nan ranar da aka sa hannu ita ce ranar aure. Jikokinsa za su buɗe wata rana su ga kakanninsu sun yi aure bayan iyayensu sun yi furfura. Mutanen ƙauye za su yi dariya su wuce, amma shi zai zama ya tsaya gaban hukuma ya shaida da hannunsa cewa matar da ta haifa masa 'ya'ya, ta binne biyu, zaman banza ta yi a gidansa.

Ya ce, "Da bakinta na nan, da na tambaye ta. In ta ce in sa, in sa. Amma ba ta iya cewa e, ba ta iya cewa a'a, ni kuma ba zan zubar mata da mutunci tana kwance ba."

Todorka ta tambaye shi ko ya san abin da zai biyo baya idan aka kai ta bayan duwatsu. Ya ce ya sani. Ya ajiye gatarin, ya ce ya sani sarai, kuma tun ranar nan abinci bai wuce masa maƙogwaro ba.

A bas ɗin dawowa ta yi ta kallon sama, gizagizai sun yi nauyi a kan duwatsu. Tsoro take ji, don ta san in ta bi ra'ayin tsohon aka rasa ɗakin, ita ce za a ce ta biye wa taurin kai har aka yi asarar rai. Ta san kuma in ta matsa masa da gaske, ta kawo liman da 'ya'ya suka taru a kansa, zai iya karyewa ya sa hannu, ya ƙarasa rayuwarsa da wannan ƙunci. Kafin bas ta iso gari ta yanke shawara. Tsohon ba zai lanƙwasa ba, dokar ce za ta je ta lanƙwasa.

Shugaban gidanmu, Bozhilov, ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai tsoron masu bincike fiye da tsoron mutuwa. Ya saurare ta, ya ce yana tausaya musu, amma doka ɗaya ce ga kowa, Kirista da Musulmi, ɗan gari da ɗan ƙauye, kuma shi bai taɓa nuna bambanci ba. In ya buɗe wannan ƙofa, gobe duk tsohon da ya samu bazawara zai zo ya ce matarsa ce. Bayan haka ma akwai wasu ma'auratan da ke jiran ɗakin, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da matarsa, takardunsu cif. Iyakar abin da zai iya shi ne ya sa maganar gaban kwamitin gidan, wanda zai zauna mako mai zuwa. Asibiti kuma suka ce ranar da kwamiti ya tashi, ko dai a kai ta gidanmu ko motar bayan duwatsu ta ɗauke ta.

A wannan makon na ga Todorka ta rame. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gidan da ta fara zuwa. Gidan ma'aikacin gidan wayan ta je, mutanen da ke takara da nata. Ta zauna ta gaya musu gaskiya, cewa za ta nemi a ba wasu ɗakin da suke jira. Tsohon ya fusata, ya ce daman an san ta da son mutanen dutse, in da su ne Musulmi da tuni an ba su makulli. Ba ta musa masa ba, ta tambaye shi me ya fi damun su a gidan. Ashe matakala ce, suna hawa na uku, matar ba ta iya sauka, shi kuma ba ya iya ɗauko itace da cefane. Todorka ta yi ta zarya har ta samo musu mai zuwa kullum ta yi musu hidima, ta kuma sa aka rubuta cewa ɗaki na gaba da zai buɗe nasu ne, ba wanda zai tsallake su. Bai gode mata ba, har yau ma in sun haɗu a hanya kai kawai yake ɗaga mata. Ita dai ta ce ba za ta ɗinke wani gida da zaren da ta zare daga wani ba.

Sai neman shaida. Limamin da ya ɗaura auren ya daɗe da rasuwa, haka waliyyai da duk mazan da suka zauna a ɗakin. Ta bi ƙauyen gida gida, ta tarar duk waɗanda suka rage an haife su ne sun ga Nefize a gidan Shukri. A ƙarshe aka ce ta je ƙauyen ƙasa, na Kiristoci, ta nemi wata tsohuwa Stana, wadda mahaifinta ke da injin niƙa a da, suna ƙawance da Nefize tun suna 'yan mata. Todorka ta same ta tana tsinar wake, kunne ya yi nauyi amma baki garau. Stana ta ce ko a kan jaki ne a ɗora ta, za ta je.

Ranar kwamiti garin ya tashi da sanyi mai shiga ƙashi, sama ta yi fari fat. Ina cikin ɗakin, don ni ke wakiltar masu jinya. Baba Shukri ya zauna a bencin waje da hularsa a gwiwa, ya ƙi shiga, ya ce ba zai tsaya ana tattauna aurensa kamar cinikin saniya ba. Motar bayan duwatsu kuwa tana tsaye a ƙofar asibiti, direban har ya aiko a tambaya ko ya jira ko ya tafi, don ba ya son dusar ƙanƙara ta tare shi a hanya.

Stana ta shigo da sandarta, ba ta jira an ba ta izini ba. Ta ce ita ta yi wa amarya kitso, ita ta riƙe tiren alewa a bayan ƙofa, don ba a bar mata shiga inda maza suke ba, amma ta ji muryar liman da kunnenta, lokacin kunnen na aiki. Ta ce ango takalmin aro ya sa, ya matse shi, yana tafiya kamar agwagwa. Wani cikin kwamiti ya yi dariya. Bozhilov ya ce cikin ladabi, ai Inna, tunanin mutum ba takarda ba ne.

Ta ce, "Yaro, ni ma takardar aurena ɓeraye sun cinye ta tun kafin a haife ka. Je ka tono mijina ka gaya masa shi tuzuru ne."

Aka sake dariya, amma na ga fuskokin ba su sauya ba. Wata lauya da ke cikin kwamitin ta ce kowa ya yarda tsofaffin nan tare suka rayu, ba a nan gardamar take ba. An ba su hanya mai sauƙi, su suka ƙi, kuma hukuma ba za ta sauya ƙa'ida saboda zuciyar mutum ɗaya ba. Mutane suka gyaɗa kai. Na dubi Todorka, na ga wuyanta ya yi ja. Na ji tsoron kada jininta ya hau ta faɗi a gabanmu.

Ta miƙe. Ba ta iya dogon jawabi ba, ba ta taɓa iyawa ba. Ta ce ta yi shekaru tana kawo mana ma'aurata, ba mu taɓa tambayar masu takarda ko suna gaisawa da safe ba. Ta tuna mana wasu da muka ba ɗaki har sai da muka sa labule a tsakaninsu don kada su kashe juna. Ta ce waɗanda suka rubuta dokar nan ofishin rajista na bayan gidansu, shi ya sa ba su ga wanda ta bari a waje ba, kuma ba tsoho ɗaya ba ne, ƙauyukan dutse da unguwar bayan kasuwa cike suke da irinsu.

Ta ce, "Kun ce hanya ce mai sauƙi. Ga ku mai sauƙi ce. Shi ana so ya biya kuɗin ɗakin nan da mutuncin matarsa, kuma ba wanda muka taɓa neman wannan farashi a wurinsa. An gina ɗakin ne don kada a raba waɗanda suka tsufa tare. In waɗannan ba su cancanta ba, ku gaya mini wa aka gina wa."

Ta zauna. Aka fitar da ita da Stana, aka rufe ƙofa. Ba zan faɗi abin da aka ce a ciki ba, ba ni da izini. Zan dai ce an daɗe, an ɗaga murya, kuma Bozhilov ya yi ta goge gumi a ranar da ruwa ke daskarewa a bokiti. Da aka buɗe ƙofa, abin da aka amince da shi rabi ne. An ba su ɗakin, amma na wucin gadi, a matsayin mutum biyu 'yan gida ɗaya, har zuwa lokacin da ƙanƙara za ta narke hanyar Kamenik ta buɗe. A lokacin kwamiti zai sake zama. Dokar kuwa tana nan yadda take, ba a taɓa ko wasali ba.

Todorka ba ta tsaya jin sauran ba. Da ɗingishinta ta ruga asibiti ta sallami direban. Da yamma aka turo Inna Nefize a keke, an lulluɓe ta da bargo, 'yan ƙwayoyin dusar farko na sauka a kansa. Muka kwantar da ita a gadon da ke jikin taga. Baba Shukri ya shigo da ƙullin kayansu, ya tsaya tsakiyar ɗakin bai san inda zai ajiye ba. Ta bi shi da ido. Tun da ta faɗi ba wanda ya ji kalma cikakkiya daga bakinta, sai muka ga leɓenta na motsi. Ya sunkuya ya kai kunne, mu ma muka matso. Da ƙyar maganar ta fito, a karkace, amma kowa ya ji.

"Wa ka bar wa akuyar?"

Ya ce ya kai ta gidan maƙwabci. Ta harare shi da idon da ke aiki, irin hararar da ke cewa ba ta yarda da maƙwabcin ba. Tsohon ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Todorka ta juya ta fita, na same ta a baranda tana neman ƙwayar hawan jininta a jaka, hawaye ya hana ta gani.

Suna nan a ɗakin har yau. Inna Nefize ta yi ɗan kumari, tana zama a kujera, tana faɗa da shi a kan taga, ita tana so a rufe shi yana so a buɗe. Maganarta ba ta wuce kalma uku ko huɗu, kuma likita ya ce ba za a ɗauki e ko a'arta a gaban hukuma ba. Har yanzu daga hannunsa kaɗai take ci.

Todorka, ke ce kika shirya bikin nan da zuciya ɗaya, ke ce kuma kaɗai a cikinmu kika hau bas kika je kika ba da haƙuri. Ke ce kika gane cewa ba kowa ake yi wa adalci ba don an miƙa wa kowa abu iri ɗaya. Uwar marasa mai magana, mun gode. Na gode a madadin tsohuwar da ta daina wuni a kan benci, da matan bayan kasuwa da kika zauna a shimfiɗarsu, da ma'aikacin gidan wayan da ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba. Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya sassauta miki ƙafar nan.

Ga inda fargabata take. Rana ta fara zafi, rufin gidaje na ɗiga, jiya direban bas ya ce saura kaɗan ya iya kaiwa Kamenik. Kwamiti zai zauna bayan Todorka ta miƙa makullin ofis, kuma ba ta da kujera a ɗakin. Ta yi ta kai takardar neman a gyara dokar, ana ce mata ana dubawa. Wadda za ta gaje ta yarinya ce mai kirki da ilimi, amma ban sani ba ko za ta iya tsayawa gaban manya ta ƙi zama.

Don haka ku da ke wannan aiki, a garinmu ko a wani gari, kada ku tsaya ga yaba mata. Idan aka ce muku doka ɗaya ce ga kowa, ku leƙa waje ku ga wanda ke zaune a benci. Idan kuka samo wa mutum hanya mai sauƙi, ku tambaye shi me za ta ci masa kafin ku sayo furanni. Mu kuma 'yan gari, ranar da kwamiti zai zauna ƙofar gidan tsofaffi a buɗe take, kuma barandar na ɗaukar mutane da yawa. Stana ta ce za ta zo. Todorka ta ce ko ba ta da bakin magana za ta zauna a waje kusa da tsohon. Ni ma ina ciki, kuma na san hannun da zan ɗaga. Baba Shukri dai bai sauya ba, ya ce ba zai sa hannu ba. Shekaranjiya na shiga kai musu magani na tarar ya fito da ƙullin kayan Inna daga ƙarƙashin gado, yana ninke mata riguna ɗaya bayan ɗaya, wai don kada a zo ɗaukar ta a same shi bai shirya ba.